Kwamanda da Mai Lema

Zuwa ga angona na nesa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, karatu yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, sai ƙafa da ta saba, sai kuma idon nan na dama da likita ya ce jini ne ya hau masa. Na hagun dai ka san ya daɗe da yi mini sallama. Sista maƙwabciyata ce take rubuta mini, ita ce kuma take ɗiga mini magani safe da yamma. Saboda haka in ka ga kuskure nata ne, in ka ga magana mai daɗi tawa ce.

Takardarka ta iso. Wai miji ya tafi karatun fim ya bar mata, ba cefane ba aike, da ya tashi rubutowa kuma sai tambaya: da gaske ne kakana ya taɓa fitowa a fim? To don me kake zaton aka riƙa ce masa Kwamanda har ya koma ga Allah? Mutumin da ko bindigar harbin tsuntsu bai taɓa riƙewa ba. Keke yake gyarawa a bakin titi, ƙarƙashin wata rumfar kwano.

Bari in ba ka labarin tun daga tushe. Sista, ki rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini.

Babanka yana goye a bayana lokacin. Wani mutum ya zo garin, siriri, ba yaro ba ba tsoho ba, kullum da baƙar lema a hannunsa, da hadari ko babu. Ba wanda ya riƙe sunansa, Mai Lema kawai ake cewa. Ya tsaya a gaban rumfar kakanka tun safe har rana ta take, bai kawo keke ba, bai ce komai ba, kallo kawai. Kai ba ka san kakanka ba. Mutum ne da fuskarsa ba ta san wasa ba. In ya tsoma taya cikin ruwa yana jiran ya ga inda kumfa za ta fito, sai ka rantse alƙali ne zai yanke wa wani hukunci. Da ya gama liƙe tayar sai Mai Lema ya matso ya ce masa, "Na zaga gari da yawa ina neman fuskar da za ta ja mutane zuwa mutuwa su bi ta. Yau na samu."

Kakanka ya dawo gida ranar bai ci abinci ba. Ya zauna bakin gado ya ce mini, "An ba ni runduna."

Da aka ji ina da keken ɗinki sai aka ɗauke ni ɗinkin kakin sojojin. A wani tsohon sito muka zauna, bayan gari, kusa da wata rijiya. Ni dai ban taɓa ganin mutum irin Mai Lema ba, kafin nan da bayan nan. Ba ya tsawa, ba ya riƙe takarda. Duk wanda zai yi wasa sai ya ja shi gefe ya raɗa masa magana a kunne, na kusa ba ya ji. 'Yan wasan nasa kuwa babu ɗan wasa ko ɗaya: mahauci, da mai faskare, da wasu 'yan dako, da wani mai sayar da agogo. In na auna mutum na rubuta a kaina, sai ya zo ya ce in rage wandon da tafin hannu guda, in ƙara wa rigar faɗi. Na ce masa, ranka ya daɗe, wannan ai a ƙwauri zai tsaya masa. Ya ce, "Uwar ɗaki, a yaƙi ba wanda ake ba daidai da shi." Na rage, don ni ban taɓa zuwa yaƙi ba.

Da aka gama suka kwashe kayansu suka tafi, wai za a je a wanke fim ɗin a nesa. Muka yi ta jira a kawo shi silimar garinmu, har silimar ta zama shagon katifa. Ni ban gan shi ba, kakanka ma bai gan shi ba. Kuma tun daga nan bai sake yarda an ɗauke shi hoto ba. Duk mai hoton da ya zo sai ya ce masa, "Nawa hoton yana wajen manya." Shi ya sa ba mu da ko ɗaya.

To ga abin da nake so in gaya maka. Fuskar nan ta fara ɓace mini. In na rufe ido ina ganin tsayinsa, ina ganin hannuwansa da baƙin mai, amma fuskar sai ta ƙi tsayawa. Tunda Allah ya kai ka inda ake tara irin waɗannan abubuwa, ka tambaya mini. In akwai shi, ina so in gan shi sau ɗaya tun idon yana aiki.

Ka riƙa cin abinci. Babanka ya ce ka rame a hoton da ka aiko.

Kakarka.

*

Zuwa ga amaryata, Kaka,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai sanyi da kewarku. Yaya ƙafar, yaya idon? A gaishe da Sista, Allah ya saka mata.

Kaka, a tsaye nake rubuta wannan don murna. Na same shi. Yana nan a ɗakin ajiyar makarantarmu, cikin gwangwanaye. Da na kwatanta wa malaminmu mutumin da lemarsa sai ya miƙe daga kujera. Ya ce ai wannan fim ɗin duk wanda ya karanta sana'ar nan ya san shi, Mai Lema kuwa a zamaninsa mahaukaci ake ce masa, yanzu kuma littafi ake rubutawa a kansa. Da na ce masa kwamandan ciki kakana ne, sai ya kama hannuna ya ƙi saki.

Jiya aka haska mana shi a babban zaure, ya cika har ƙofa. Na ga kakana, Kaka. Yana tafiya, yana magana. Wajen rijiyar nan da ya tara sojoji yana yi musu jawabi, wallahi babu wanda bai yi hawaye ba. Malaminmu ya cire tabarau yana share ido, na kusa da ni har ya zame daga kujera. Da aka kunna fitila aka nuna ni, aka yi ta tafi kamar ni na yi.

Zan sa a juya miki shi a kaset. Akwai layi wajen mai juyawar, amma ba zai daɗe ba. Ki nemi mai bidiyo ki ajiye.

Batun cefane kuwa, ki yi haƙuri da mijin ɗalibi.

Jikanki.

*

Angona,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Ƙafar ta yi sauƙi tunda aka karanta mini takardarka, sau uku na sa Sista ta maimaita.

Ai na san za a yi kuka. Mu ma da muke wurin mun yi. Bari in gaya maka yadda aka yi ranar rijiyar, ka kai wa malamin naku.

Ka san yadda Mai Lema yake aiki? In ya buɗe lemar, an fara ke nan, kowa ya shiga hankalinsa. In ya rufe ta, an huta, mai zama ya zauna, mai cire takalmi ya cire. Ba ya cewa a fara, ba ya cewa a tsaya, lemar ce bakinsa. Wani lokaci sai ya jera su a rana da manyan hulunan kwanon nan tun hantsi, ya ƙi buɗe ta, yana can yana kallon sama kamar ya manta da su. Sai sun gaji sun fara harararsa sannan ka ji fat, ta buɗe. Ni ina bakin sito da keken ɗinkina ina kallo, ina cewa a raina wannan ko dai waliyyi ne ko dai a kai shi asibiti.

Ranar nan ya ja kakanka gefe ya raɗa masa. Daga baya kakanka ya gaya mini abin da ya ce. Wai abokan gaba sun shigo sun sace gugan rijiyar, ruwa ya yanke wa runduna, gobe kuma za a fita ƙwato shi, da yawa ba za su dawo ba. Ya ce masa, "Ba zan saka maka magana a baki ba, ka faɗi abin da ke ranka. Sharaɗi ɗaya: ka tsaya ƙarƙashin bishiyar can, kuma ko me ka ji kar ka ɗaga kai. Kwamanda ba ya kallon sama, mutanensa yake kallo." Su sojojin kuma an ce kowa ya kafa ido a takalminsa. Mu ma'aikata aka kore mu bayan sito, sai murya muke ji.

Angona, mutumin da a gida sai ya yini bai yi magana goma ba. Ranar nan ban san inda ya samo ta ba. Ya yi maganar ƙishirwa, ya yi maganar iyayensu mata, ya ce wanda ya ɗauke maka guga ya ɗauke maka gobe. Mahaucin nan ƙato, da hannu kamar turmi, shi ya fara shessheka. Ni ma na jiƙe kakin da ke cinyata. Da aka rufe lema Mai Lema ya zo ya tsaya gabansa ya ce, "Ba zan sake samun kamarka ba." Har kakanka ya bar duniya yana maimaita mini wannan maganar.

To ashe har mutanen nesa, masu tabarau, sun ji abin da muka ji. Allah mai iko.

Na gaya wa duk layinmu. Mai Rediyo na kan kwana ya ce zai kawo bidiyonsa da talabijin ya haɗa a tsakar gida. Matan layi sun ce za su zo, na ce kowace ta taho da abin share hawaye, don ni ba ni da na rabawa. Ka hanzarta da kaset ɗin.

Kakarka.

Ƙari daga Sista: Ɗana, wannan ni ce, ba ta san na ƙara ba. Mun koma wajen likita. Ganin nata yana tsukewa daga gefe, yanzu abin da ke gabanta kawai take gani, shi ma kamar ta cikin bututu. Ya ce magani yana rage saurin abin ne, ba ya tsayar da shi. In za ka aiko, ka aiko yanzu.

*

Angona,

Sallama da gaisuwa. Lafiya dai? Wata ya mutu, wani ya tsaya, shi ma ya yi nisa, ba kaset ba takarda. Babanka ya ce jarrabawa ce. Na ce jarrabawa ba ta hana mutum layi biyu.

In ba ka da lafiya ne ka faɗa. In fim ɗin ne ya lalace wajen juyawa ka faɗa, na saba da abu ya lalace. In kuma wata ka samu a can ta hana ka tuna tsohuwar matarka, to ka gaishe ta, ka ce mata kaset kawai nake so, na bar mata sauran.

Mai Rediyo kullum ya wuce sai ya leƙo ya ce, Kaka, yau ne? Na gaji da ce masa gobe.

Kakarka.

*

Kaka,

Ina gaishe ki, ina neman afuwa. Lafiyata ƙalau, ba kuma wata. Kaset ɗin ya daɗe a kan teburina. Ga shi na haɗo da wannan takardar. Amma ina roƙon Sista ta karanta miki ita har ƙarshe kafin a kunna, kuma kar a tara mutane tukuna.

Da na karanta labarin rijiyar da kika ba ni sai na gane ashe ba ki sani ba. Na zaci kin sani. Na zaci duk kun sani. Kaka, hawayen da na ce an yi, na dariya ne. Fim ɗin na barkwanci ne, daga farkonsa har kusan ƙarshensa.

Gugan da aka ce an sace, yana rataye a reshen bishiyar, daidai saman kan kakana. Mai kallo yana ganinsa tun daga farkon jawabin, yana lilo. Shi ya sa aka hana shi ɗaga kai, aka hana sojoji, aka kore ku bayan sito. Wandunan da aka sa ki rage, da hulunan da suke rufe musu ido, duk da gangan ne. Lemar ma ba gaskiya ba ce. Mai ɗaukar hoton ba ya tsayawa in an rufe ta, shi da Mai Lema sun ƙulla haka. Rabin fim ɗin an ɗauke shi ne lokacin da suke zaton hutawa suke.

Malaminmu ya ce Mai Lema ya yi imani cewa duk wanda ya san yana ba da dariya ya daina ba da ita. Don haka bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya nemo mutanen da za su yarda da yaƙin har zuciyarsu, ya bar su da shi. Wai shi Mai Lema yana yaro yaƙi ya bi ta garinsu, abin da ya gani ke nan: mutanen kirki cikin kayan da ba nasu ba, ana tura su su mutu a kan abin da ke rataye a saman kansu.

Na kalle shi sau da yawa tun daga ranar, ina neman inda aka raina kakana. Ni dai ban samu ba. Ana yi masa dariya, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Amma ban taɓa ganin wanda ya fita daga zauren bai ƙaunace shi ba. Ban san yadda mutum yake haɗa waɗannan biyun ba, shi ne abin da na zo koya, kuma ban ga alamar zan iya ba.

Na rasa yadda zan gaya miki ne, shi ya sa na yi shiru. Na san shirun ya ci miki lokacin da ba ki da shi.

Jikanki.

*

Jikana,

Na ji kana lafiya, alhamdu lillahi. Mu ma muna nan.

Sista ta karanta mini har ƙarshe kamar yadda ka ce. Ta so ta tsallake wani wuri, na ji a muryarta, na ce ta koma.

Shekara da shekaru mutumin nan yana tafiya a titi ana ce masa Kwamanda yana ɗaga hannu. Yana ciwon ajali ya ce mini, ko ba komai ya bar abin da za a tuna shi da shi. Ashe abin da ya bari ke nan. Ana can wata ƙasa ana zamewa daga kujera. Kuma da hannuna na rage masa wandon, na goge shi, na miƙa masa, na ce ya yi masa kyau.

Ka ce an ƙaunace shi. Ai biri ma in yana rawa a kasuwa ana ƙaunarsa.

Mai Lema ya sha ruwa a hannuna. Ya ɗauki babanka ya yi masa wasa. Ya dubi mijina ido cikin ido ya ce ba zai sake samun kamarsa ba. Yanzu na gane abin da yake nufi.

Kaset ɗin yana ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa. Na ce wa Mai Rediyo ya lalace a hanya. Matan layi kuma sun daina tambaya. Gara fuskar ta ɓace mini da mutuncinta da in same ta ana ƙyaƙyata mata.

Ban yi fushi da kai ba. Ka ci gaba da karatunka. Amma in sun koya maka irin wannan, kar ka yi wa mijin kowa.

Kakarka.

*

Kaka,

Na gaishe ki. Na ji, kuma ba zan matsa miki ba. Mijinki ne kafin ya zama kakana.

Abu biyu kawai. Kar a bar akwatin inda rana take bugawa, zafi yana cinye kaset. Na biyu, ban sani ba ko wani ya taɓa gaya miki: kunnuwan nan nawa da kike tsokana tun ina yaro, kike cewa kamar an bar ƙofar mota a buɗe, nasa ne. Na gani da idona. Ba ki taɓa faɗa mini ba.

Allah ya ƙara sauƙi.

Jikanki.

*

Angona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Sista ta ce in bari sai gobe, wai na gaji. Na ce ta ɗauko biro.

Ban taɓa faɗa maka batun kunnuwan ba don na manta. Da aka karanta mini takardarka na zauna ina neman kunnensa a kaina, babu. Na nemi bakinsa, sai na babanka yake zuwa. Shekaranjiya kuma da safe Sista ta ajiye mini kofin shayi a gefena, na yi ta lalube, yana nan kusa da gwiwata ban gan shi ba. Na ce to, fushi dai da ido ake yinsa, in ya rufe ko na huce ba abin da zan gani. Yau na aika aka kira Mai Rediyo.

Da ya zo na ce masa kaset ɗin ya warke. Bai tambaye ni komai ba, yaron kirki ne duk da furfurarsa. Bayan azahar ya haɗa kayansa a ɗakina, muka saki labule. Mu uku ne, ni da shi da Sista. Na ce musu sharaɗi ɗaya: duk wanda ya yi dariya ya fitar mini daga ɗaki. Na ja kujera har gwiwata tana taɓa teburin talabijin.

Aka fara da ƙura da ƙarar ganga. Sai ga sojoji sun taho a jere, hula ta rufe wa wannan ido, wancan riga kamar buhu. Na gane ɗinkina tun kafin in gane mutanen. Sai ga wani dogo a gaba, ƙwauri a waje, ƙirji a gaba, yana taku kamar ƙasar ta ci masa bashi.

Angona, yaro ne. Ni tsoho na binne, mai tari, mai sanda. Na manta cewa na taɓa auren wannan.

Aka zo rijiya. Ga bishiya, ga shi a ƙarƙashi, ga guga a sama yana lilo a hankali. Ya buɗe baki ya ce, "Mutanena, yau an taɓa mu a inda ba a taɓa namiji." Igiyar gugan ta sauko tana shafar hularsa. Ya kai hannu ya kore ta kamar ƙuda, bai ɗaga kai ba, ya ci gaba. Ta dawo. Ya sake kore ta. Mahauci yana kuka da majina. Ina jin Mai Rediyo a bayana yana tari irin na wanda yake neman ya mutu, Sista kuma ta tura mayafi a baki. Sai na ji wani sauti ya fito a ɗakin kamar an taka kaza. Na juya in kori mai shi. Ashe ni ce.

Na yi dariya har fitsari ya kusa kufce mini. Sista, rubuta, ai jikana ne. Muka yi ta yi mu uku, Mai Rediyo ya kwanta a ƙasa yana dukan tabarma.

Ka san abin da ya karya ni? Fuskar nan na san ta. Ita ce fuskar da yake yi in sifanarsa ta gyaran keke ta ɓace. Sai ya jera yara a tsakar gida, babba zuwa ƙarami, hannu a baya, yana zagaya su yana jawabi a kan amana da halin ɓera, sifanar kuwa tana leƙowa daga aljihunsa na baya, kowa yana ganinta, ba mai iya faɗa. Ni sai in shige kicin in cusa zani a baki har hawaye. Shekarun da muka yi tare haka na yi su, ina dariyarsa a ɓoye, ina kuma jin in wani ya taɓa shi zan iya kisa. Na zaci ni kaɗai na san wannan mutumin, don ni na zauna da shi. Mai Lema safiya ɗaya ya tsaya a gaban rumfa ya gan shi duka. Wane irin ido Allah ya ba bawan nan?

Amma kai ma ba ka gaya mini duka ba. Ba ka gaya mini ƙarshen ba.

Inda aka daina kiɗa. Sojojin sun zube a gindin bangon sito, barci ya kwashe su, baki a buɗe, takalma a gefe. Wannan ba wasa ba ne, na tuna ranar, rana ce ta dafa su, lema tana rufe. Shi kaɗai ne bai kwanta ba. Ya cire hula, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya gyara wa mai agogo wuyansa da ya karkace. Ya ja wani ɗan dako daga rana zuwa inuwa, da ƙafa ya ja shi, a hankali, don kar ya tashi. Ya tsuguna yana kore wa mahauci ƙuda. Ba wanda ya raɗa masa wannan. Bai san ana ɗauka ba. Haka yake bin yara in sun yi barci a tsakar gida lokacin zafi. Sai ya zauna a ƙarshen layin, ya dube su, fuskar alƙalin nan ta sauka gaba ɗaya. Aka daɗe a kanta, ba magana, ba kiɗa, sai iska. Mutanen da suka gama birgima yanzun nan, ba mai ko motsi.

Har yanzu ban ce Mai Lema ya kyauta ba. Ya yi wa mijina ƙarya, ya bar shi ya mutu da ita. In mun haɗu a can zan tambaye shi. Amma zan fara gaishe shi tukuna, don abin da ya ajiye mini babu wanda ya ajiye.

Na ce wa Mai Rediyo ya mayar baya ya tsayar mini a kan fuskar. Ya tsayar, hoton yana ɗan rawa. Ka san yanzu ba na ganin abu gaba ɗaya, sai kaɗan-kaɗan. Na matsa har ina jin ɗumin gilashin a kumatuna. Na fara daga goshi. Na sauko gira, da ɗan tabon da sarƙar keke ta yi masa. Ido ɗaya, sannan ɗayan. Na zaga wajen kunnuwan, naka ne, Allah ya ba ka haƙuri. Hanci. Na daɗe a bakin. Sista ta ce hasken zai ƙara lalata mini idon, na ce mata ai don wannan na ajiye shi. Da na kai haɓa na koma goshi na sake sabon zagaye, sai da na tabbata in na rufe ido yana nan bai motsa ba. Sannan na ce a kashe.

Na aika wa matan layi su zo jibi. Na ce kowace ta zo da abin share hawayen nata dai, zai yi amfani.

Gobe Sista ta ce za mu koma wajen likita da wuri, wai akwai wani sabon magani da yake so ya gwada. Na ce mata to, mu je. Amma ta bar ni in sha shayina a zaune, ni yanzu ba sauri nake ba.

Kakarka.